Kabeji, zogale da tumatir: Yadda girki ke ƙara ko rage kariyarsu daga ciwon daji

Da wuya mako ya wuce ba a ga wani saƙo yana yawo a wayoyi yana cewa zogale na kashe ciwon daji ba, ko ruwan kabeji na narkar da ƙari. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai abin da masana suka gano ya bambanta da abin da ake yaɗawa, kuma yawancinsa ya danganta ne da abin da ke faruwa a madafi.

A shekarar 1992 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Paul Talalay, suka ware wani sinadari mai suna sulforafen daga burokoli. Sun lura yana zaburar da hanyoyin da jiki ke bi wajen fitar da guba. Burokoli ba cimar Bahaushe ba ce, amma danginsu ɗaya da kabeji, kuma ganyen zogale ma yana ɗauke da sinadarai masu kama da wannan.

Sinadarin ba a shirye yake a cikin ganyen ba. Sai an yanka ko an tauna, wasu abubuwa biyu da ke ware a ciki su haɗu, sannan ya samu. Zafi mai tsanani yana kashe ɗaya daga cikinsu. Saboda haka duk wadda ta tafasa kabeji har ya yi luguf, ta kuma tsiyaye ruwan ta zubar, ta yi asarar kaso mai yawa. Abin da ya fi shi ne a yanka, a bar shi ya ɗan huta, sannan a turara na 'yan mintoci, ko a wanke shi sosai a ci ɗanye.

Haka tafarnuwa take. A daka ta a bar ta kamar minti 10 kafin ta shiga tukunya.

Tumatir kuwa akasin haka ne. Sinadarin laikofin da ke ba shi launin ja ya fi shiga jiki idan an dafa shi da ɗan mai, wato jar miya ta fi ɗanyen tumatir ta wannan fuska. An daɗe ana danganta shi da kariya daga ciwon dajin mafitsara na maza, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba.

Sai batun kanwa. Ana zuba ta don ganye ya yi laushi ko miya ta yi yauƙi, amma tana lalata bitamin C. Rage ta ba zai ɓata miya ba.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika magana a kai ba, kuma a cikin kwaɗon zogalen kansa yake: ƙuli-ƙuli. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi kan yi funfuna, ita kuma tana samar da gubar afalatoksin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya wannan guba cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dafuwa da suya ba sa kawar da ita. Gyaɗar da ta yi baƙi, ta yamutse ko take ɗaci, wurinta bola.

Masu sayen garin ganye da ƙwayoyin ƙarin lafiya da tsada su ma akwai darasi gare su. A wani gwaji da aka yi a Finlan kan maza masu shan taba kusan 29,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, waɗanda aka bai wa ƙwayar sinadarin da ke cikin karas sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Karas ɗin kansa ba a same shi da wannan laifi ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a yawan ci da kuma dagewa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum, ban da dankali da rogo. Abinci mai ɓawo da dusa, irin su wake da hatsin da ba a surfe ba, yana rage haɗarin ciwon dajin hanji. Alayyahu, rama, yakuwa da kabewa duk suna cikin lissafi, kuma sun fi burokoli araha nesa ba kusa ba.

Duk wannan maganar rage haɗari ce ga mai lafiya. Babu ganyen da aka tabbatar yana warkar da ciwon dajin da ya riga ya kama mutum. A Najeriya ana samun sabbin masu cutar sama da 120,000 a shekara, kuma likitoci sun daɗe suna kokawa cewa yawancinsu sai ciwon ya ci jiki suke zuwa asibiti. Macen da ta ji ƙullutu a mama ta shafe wata shida tana shan ruwan zogale, ta rasa watannin da tiyata ta fi yin nasara. Wanda kuma ya riga ya fara karɓar magani, ya kamata ya gaya wa likitansa duk wani gari ko jiƙon da yake sha, domin wasu kan yi karo da maganin asibiti.