Dusan Vlahovic: Yadda Yuro Miliyan 70 Suka Zama Kaya A Kan Ɗan Wasa

Yau za mu leƙa ƙasar Sabiya, mu duba ɗan wasan gaban nan mai ƙafar hagu, Dusan Vlahovic. Me ya ɗaga shi sama da wuri haka, kuma me ya sa daga baya aka fara ƙorafi a kansa?

An haife shi a birnin Belgrade ranar 28 ga Janairu, 2000. A ƙungiyar Partizan ya taso, kuma yana ɗan shekara 16 ya fara buga wa manyanta wasa. A 2018 Fiorentina ta Italiya ta ɗauko shi. Da farko abin bai yi armashi ba, benci ya sha sosai. Sai da koci Cesare Prandelli ya yarda da shi, ya riƙa saka shi kowane wasa, sannan yaro ya buɗe wuta. A kakar 2020/21 ya ci ƙwallo 21 a Serie A, aka ba shi kyautar gwarzon matashin gasar.

To a nan fa sunansa ya zagaya duniya. Cikin shekarar 2021 kaɗai ya zura ƙwallo 33 a Serie A, daidai da abin da Cristiano Ronaldo ya ci a 2020. Arsenal ta yi zawarcinsa, amma Juventus ya zaɓa. Ranar da ya cika shekara 22 aka kammala ciniki a kan Yuro miliyan 70, ban da tsarabe-tsarabe, aka kuma miƙa masa riga mai lamba 7 da Ronaldo ya bari. Magoya bayan Fiorentina ba su ji daɗi ba ko kaɗan, domin hanyar da Baggio da Chiesa suka bi ke nan zuwa wajen abokiyar gabarsu.

Ya fara da ƙafar dama. Wasansa na farko ya ci Verona, sannan a Kofin Zakarun Turai ya ci Villarreal tun ba a cika minti ɗaya ba. Amma ku lura da wani abu, masu sauraro. A Fiorentina don shi ake wasa, kowa shi yake nema da ƙwallo. A Juventus kuwa, Allegri mutum ne mai son tsare gida, sau da yawa sai ka ga Vlahovic shi kaɗai a gaba yana jiran ƙwallon da ba za ta zo ba. Ga kuma ciwon matsematsi da ya dame shi. Kakar 2022/23 ƙwallo 10 kacal ya ci a gasar, nan take aka fara cewa an yi asarar kuɗi.

Duk da haka bai kwanta ba. Ya ci Switzerland a Kofin Duniya na Qatar, ya ci 16 a kaka ta gaba, kuma ƙwallonsa ce ta ba Juventus kofin Coppa Italia a kan Atalanta a 2024.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ɗan wasan gaba da abin da aka ba shi yake cin kasuwa. Kafin ka ce wane ya lalace, fara duba wa ke ba shi ƙwallo, wane salo koci yake bugawa.

Ku fa, ya kuka gani? Juventus ce ta rage masa kaifi, ko dama can an zuzuta shi ne? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.