Auna Matsi Tsakanin Fuskoki Biyu: Bayani da Shawara ga Manhaja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba yadda ake auna matsin da ke tsakanin abubuwa biyu da aka danne wuri guda, da yadda ya kamata a koyar da batun da Hausa a ƙananan makarantun sakandare. Yawancin ɗalibai kan haddace lissafin matsi, amma ba su san cewa matsakaici kawai lissafin yake ba su ba.

2.0 Ma'anar Matsi

Matsi shi ne ƙarfin danna da ke sauka a kan kowane yanki na fuskar abu. Ana samun sa ta hanyar raba ƙarfin danna da faɗin fuskar. Ma'auninsa shi ne faskal, wato niwton 1 a kan murabba'in mita 1. Misali, kaya mai kilo 20 yana danna ƙasa da kimanin niwton 200. In aka ɗora shi a kan katako mai santimita 50 da 20, matsin zai zama faskal 2,000. In aka rage katakon zuwa rabi, sai ya koma 4,000, alhali kayan bai ƙaru ba.

Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa fuskokin biyu sun haɗu daidai wa daida, abin da ba ya faruwa. Kowace fuska, komai sulɓinta, tana da tudu da kwari, kuma tuddan ne ke ɗaukar nauyin. A shekarar 1882, masanin Jamus Heinrich Hertz ya nuna cewa in aka danna ƙwallo a kan shimfiɗaɗɗen abu, matsin tsakiya ya kai matsakaicin sau ɗaya da rabi, sannan ya yi ta raguwa har ya ƙare a gefe.

3.0 Hanyoyin Aunawa

A ɗakin gwaji ana amfani da wata siririyar leda, kamar Prescale ta kamfanin Fujifilm na Japan. Tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadari masu fashewa in an matsa su, sai wurin ya yi ja. Gwargwadon matsi, gwargwadon turaren launi. Ana sa ta tsakanin fuskokin, a ɗaure, a kwance, sannan a gwada launin da jadawalin kamfanin. Rauninta shi ne matsi mafi yawa da wurin ya samu kawai take nunawa. Mai son ganin yadda matsi ke sauyawa lokaci bayan lokaci sai ya nemi shimfiɗar lantarki da ake haɗawa da kwamfuta.

Amfanin wannan a fili yake. Kanikawan Apo a Abuja kan ɗaure notocin kan inji bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, don gaskit ya matsu daidai. In wani sashe ya yi sako-sako, nan ruwa ko mai zai ɓulle.

4.0 Shawarwari

(a) A bambance kalmomi uku da ake cakuɗawa: nauyi, ƙarfin danna da matsi. Ya dace Hukumar NERDC da ke Sheda ta tsayar da su a littattafan aji.

(b) Makarantar da ba ta da ledar gwaji tana iya amfani da takardar kabon da farar takarda. A sa su tsakanin katakai biyu, a ɗaure da noti huɗu. Da farko a ƙare ɗaure gefe ɗaya kafin ɗayan, sannan a sake gwajin da sababbin takardu ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan a gicciye. Ɗalibai su kwatanta tabon.

(c) Malami ya bayyana cewa kabon yana nuna inda matsi ya taru ne, ba ya ba da adadi.

5.0 Kammalawa

Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya ga tabon da idonsa zai fahimci abin da lissafi ya faɗa da abin da ya bari. Don haka ana ba da shawarar a gabatar da gwajin kafin a shiga lissafi.