Inda Ƙa'idar Tara Sakamako Take Cin Tura

Ɗaliban kimiyyar lantarki sun san wata ƙa'ida mai sauƙaƙa lissafi. Idan da'ira tana da batir fiye da ɗaya, sai a bar guda, a sa waya a gurbin sauran, a lissafa kwararar lantarkin da ya haifar. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a tara amsoshin. Wannan ita ce ƙa'idar tara sakamako.

Ga misali. A jera batir biyu na tocila, kowanne bolt 1.5, da rizista mai om 100. Kowane batir shi kaɗai yana ba da miliamfiya 15, jimla 30 ke nan. Idan aka raba bolt 3 da om 100, amsar ita ce dai 30. Dalili kuwa shi ne rizista tana bin dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827: in aka ninka bolt, kwarara ma sai ta ninku.

To, yanzu a ƙara jan diyod mai haske a cikin jerin. Irin wannan diyod ba ya barin lantarki ya wuce sosai sai an kai wajen bolt 1.8. Da batir na farko kaɗai, ba zai kama ba. Da na biyu kaɗai ma haka. Ƙa'idar za ta ce sifili da sifili, sifili ne. Amma da zarar an haɗa batiran biyu, sai ga haske. Diyod ya ɗauki bolt 1.8, saura 1.2 a kan rizista, wato kimanin miliamfiya 12.

Ina aka yi kuskure? Ƙa'idar tana aiki ne kawai inda kwarara ke ƙaruwa daidai gwargwadon bolt. Diyod ba haka yake ba: yana toshe hanya ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma ƙarin bolt kaɗan kan ninka kwarara sau da yawa.

Mafita ita ce a bar dukkan batiran a wurinsu, a fara tantance ko diyod a buɗe yake ko a toshe. In a buɗe yake, a ɗauke shi tamkar batir mai hamayya da sauran, bolt 0.7 ga na silikon, sannan a yi lissafi. In a toshe yake, hanyar ta yanke.

Wannan hali na diyod ba aibi ba ne. Da shi cajar waya ke mayar da lantarki mai kai-da-komowa ya zama mai bin fuska ɗaya. Malamai na iya nuna gwajin nan a aji cikin 'yan mintoci, domin gani ya kori ji.