Halitta ce ko Tabon Firgici?

Yara biyu suna iya zama a aji ɗaya, kowannensu ba ya haɗa ido da malami, yana toshe kunne idan an buga ƙofa, yana yin gum idan an tambaye shi, alhali kuwa sababin halin nasu ya sha bamban, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya saɓa da na taifot ko da yake jiki zafi yake yi a duka biyun.

Na farko yana da otizim, wanda likita Leo Kanner ya siffanta a Amurka a 1943 bayan ya yi nazarin yara 11. Wannan ɗabi'a ce ta ƙwaƙwalwa da ake zuwa duniya da ita, alamominta kan bayyana tun kafin shekara 3: yaro ya ɗauki magana a kan zahirinta, habaici da zaurance su wuce shi, ya ƙallafa rai a kan abu guda, ya so tsarin yau ya zama irin na jiya, ko da yana cikin aminci a cinyar mahaifiyarsa. Na biyu kuwa ya san ma'anar fuska da murya sarai, har ma ya wuce kima wajen karanta su, domin bala'in da ya gani, na duka ko na harin da ya kore su daga ƙauyensu, ya koya masa tsammanin sharri. Shirunsa tsaro ne, yana tsananta idan wani abu ya tuno masa, yana sassautawa idan ya samu natsuwa.

Mas'alar ba ta da sauƙi ko a wurin masana. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, masani Michael Rutter ya bi diddigin marayun ƙasar da iyalai a Ingila suka ɗauka riƙo, ya tarar wasunsu suna da alamomi masu kama da otizim, waɗanda suka ragu ga da dama daga cikinsu da suka samu kulawa. Sannan yaro ɗaya yana iya haɗa otizim da tabon firgici, domin mai otizim ya fi fuskantar tsangwama da zalunci.

A ganina babbar hujja ita ce tarihi: yaya yaron yake kafin abin ya faru? Uwa da kaka su ne shaidun wannan. Ya ku iyaye da malamai, kada ku yanke hukunci da kallo ɗaya, balle ku jingina abin ga iskoki ko taurin kai. Ku kai shi ga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, ku ba da labarinsa tun daga goyo.