Ƙoda da Zafin Bazara: Abin da Ya Kamata Maza da Mata Su Sani

Daga ƙarshen Fabrairu har zuwa faɗuwar ruwan farko, kowa a Parakou da Djougou ya san yadda rana take. A watan Maris zafi kan haura digiri 35 da rana, kuma a shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin wannan lokaci. Idan ana maganar zafi, ƙishirwa da kasala muke tunawa. Amma akwai wata gaɓa da ke shan wahala shiru ba ta kuka, wato ƙoda.

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannu, nauyinta wajen giram 150. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi, sama da lita ɗaya a kowane minti. A yini guda suna tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Matata kuwa in ta mutu, ba ta sake tsirowa.

To me zafi yake yi musu? Idan jiki ya ɗau zafi, yana tura jini zuwa fata don ya huce, yana kuma fitar da gumi. A zafi mai tsanani, jinin da ke zuwa fata kan kai lita 7 a minti. Wannan jini daga wani wuri aka rage shi: daga hanji da ƙoda. Jijiyoyin ƙoda sai su tsuke, jinin da ke shiga cikinta ya ragu da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari ko da mutum yana zaune ne. In ya haɗa da aikin ƙarfi, raguwar ta fi haka. Sannan ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari ke yin kaɗan, ya yi duhu. Wannan dabara ce ta kare rai, kuma ba ta da laifi na ɗan lokaci. Matsalar ita ce idan abin ya zama kullum, wata da watanni, shekara da shekaru.

Wannan tsari iri ɗaya ne ga namiji da mace, amma jikin biyun bai zama ɗaya ba. Ruwa shi ne kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin namiji, na mace kuwa wajen kashi 50 zuwa 55, don haka ajiyarta ta ruwa ba ta kai tasa ba. Shi kuma namiji, idan aiki ya yi nauyi, ya fi zubar da gumi, mai aikin ƙarfi a rana kan rasa lita ɗaya ko fiye a sa'a guda. Sinadarin mata da ake kira istrojin yana taimaka wa jijiyoyin jini su saki, yana kuma sassauta tsarin da ke tsuke jijiyoyin ƙoda. Likitoci na ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon ƙoda ya fi saurin kai maza ga wankin ƙoda. Bayan mace ta daina haila, wannan kariya tana raguwa, don haka iyayenmu mata tsofaffi su kula sosai.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mata. A makonni biyu kafin zuwan haila, zafin jikin mace kan ƙaru da kusan rabin digiri. Lokacin juna biyu, aikin tacewar ƙoda kan ƙaru da kimanin kashi 50 cikin ɗari, ka ga mai ciki ƙodarta dama tana ƙarin aiki, ga zafi kuma ya zo. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita 4, ta namiji kuwa wajen 20, shi ya sa ƙwayoyin cuta suka fi saurin kaiwa mafitsararta, daga nan su iya hawa ƙoda. Matar da ke yini a kasuwar Arzèkè tana rage shan ruwa don kada ta nemi bayi, ko wadda ke tsaye kan wuta tana dafa man kaɗe ko suyar gari, tana cikin haɗarin nan. Maza kuwa tsakuwar ƙoda ta fi kama su, kuma rashin ruwa ne babban abin da ke haifar da ita.

Kada a ce wannan zance ne na takarda. A ƙasar El Salbado, a shekarar 2002, likitoci suka ba da rahoton manoma maza masu yawa da ƙodarsu ta mutu ba tare da ciwon suga ko hawan jini ba. An ga irin haka ga masu saran rake a garin Chichigalpa na Nikaragua, da wasu manoma a Sirilanka da Indiya. Kusa da mu, garin Gashuwa a jihar Yobe ya yi suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, ana kan binciken musabbabinsa. A gonakin raken Nikaragua, da aka tilasta abu uku, ruwa da hutu da inuwa, raunin ƙoda ya ragu a tsakanin ma'aikata. Mai tada kunyar doya, da birkila, da ɗan zem da ke yini kan babur, duk su ɗauki darasi.

Abin da za a yi ba mai tsada ba ne. A duba launin fitsari: in ya yi fari-fari, madalla, in ya yi duhu kamar shayi, jiki na neman ruwa. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, kada ya kwankwaɗa lokaci guda, ya kuma jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar. Aikin ƙarfi a yi shi da sassafe. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa, yawan sukarinsa ma ƙarin nauyi ne ga ƙoda a lokacin zafi. Abu mafi muhimmanci: a guji shan ibuprofen da diclofenac saboda gajiya bayan an yini a rana. Waɗannan magunguna suna toshe sinadarin da ke buɗe jijiyar ƙoda daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Mai ciwon ƙoda, da mai suga ko hawan jini, da mai ciki ko mai shayarwa, su ga likita kafin azumi, sannan su tambayi malami. Rangwamen marar lafiya yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, karɓarsa kuma ba raunin imani ba ne. Wanda ya ga kumburin ƙafa ko fuska, ko fitsari mai kumfa ko jini, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ya garzaya asibiti. A Parakou akwai sashen ƙoda a babban asibitin koyarwa na Borgou, a Djougou kuma ana iya farawa da asibitin Ordre de Malte. Awon jini da na fitsari sun isa su nuna matsala tun da wuri, domin ƙoda takan lalace sosai kafin mutum ya ji komai.

Alhamis ta biyu ta kowane watan Maris ita ce Ranar Ƙoda ta Duniya, tun shekarar 2006, kuma a wurinmu daidai tsakiyar zafi take faɗowa. Mu mayar da ita ranar da magidanci zai je awo, ya tafi da uwargida da tsofaffin gida. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.