Me ya sa kayanka suke shawagi a hoto?

Ka ɗauki hoton takalmin da kake sayarwa, ka cire bayansa tsaf, ka ɗora shi a kan farin fili, ka saka a sitatus. Kala ta fito, komai ya fito, amma kallo ɗaya za ka ji wani abu bai zauna ba, kamar da gam aka liƙa shi. Inuwa ce matsalar.

Ni ma na sha wannan kunyar. A zangon karatun da ya wuce na haɗa wa yayata tallan turarukanta, sai ga wata ta rubuto mata: "Kwalbar tashi take yi ne?" Mun yi dariya, amma fa abin ba na dariya ba ne. Mai saye a intanet ba ya taɓa kaya, hoto kawai yake da shi. Da ya ga alamar haɗi, sai ya fara tunanin ko kayan ma babu su.

Yawancinmu Drop Shadow muke dannawa a Photoshop, ko makamancinsa a Canva, PicsArt da PixelLab. Tun Photoshop 5 na 1998 yake nan, kuma aikinsa bai wuce ya kwafi siffar abin, ya baƙanta ta, ya ɗan gusar da ita gefe ba. Irin inuwar da kati yake yi ke nan idan ka ɗaga shi daga kan tebur. Ga rubutu ko tambari ta yi daidai. Ga abin da yake tsaye a ƙasa kuwa, ita ce ma ke sa shi shawagi.

Kafin ka taɓa komai, fita tsakar gida da hantsi ka dubi ƙafarka. Inuwa biyu za ka gani. Akwai 'yar siririya mai duhu sosai daidai inda takalminka ya taɓa ƙasa. Akwai kuma doguwar da ta miƙe gefen da rana ba ta, bakinta da kaifi kusa da kai, tana dusashewa yayin da take nisa. Ta farkon ita kowa ke mantawa, kuma wallahi ita ce rabin aikin.

Sannan ka tambayi hoton da za ka ɗora abin a kai: daga ina haske yake zuwa? Da tsakar rana a nan wajenmu inuwa gajeruwa ce, kusan a ƙarƙashin ƙafa. Da la'asar ta yi tsawo ta nufi gabas. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari kuwa da ƙyar za ka ga bakinta. Idan inuwar bishiyar da ke bayan hoton ta yi hagu, taka ba ta da hurumin yin dama.

A Photoshop, ko Photopea da ke aiki kyauta a burauza, ka raba inuwar ta zama leya mai zaman kanta a ƙarƙashin abin. Ja kusurwoyinta har ta kwanta a ƙasa, gindinta manne da gindin abin. Ka sa ta a Multiply, ka rage duhunta; ni daga kashi 30 cikin 100 nake farawa. Ka tausasa ta, ka bi ƙarshenta da magogi mai laushi. Daga nan ka buɗe sabuwar leya ka zana siririyar nan da ƙaramin buroshi. Kada ka yi amfani da baƙi wuluk. Ɗauko kala daga wurin da ya fi duhu a ƙasan hoton, don inuwa a kan jar ƙasa ja-ja take.

Idan ka gama, kada ka yarda da idonka kawai. A 2009 masanin binciken hotuna Hany Farid ya duba hoton nan na Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kashe Shugaba Kennedy na Amurka. An shafe shekaru ana cewa inuwoyinsa sun saɓa wa juna, shi kuwa ya nuna haske ɗaya zai iya yin su duka. Ido yana ruɗuwa ta kowane ɓangare. Dabarar masu irin aikinsa mai sauƙi ce: ja layi daga wani wuri a jikin inuwa zuwa takwaransa a jikin abin, ka maimaita a kan wasu abubuwa biyu ko uku a hoton. Idan haske ɗaya ne, layukan za su haɗu a wuri ɗaya, ko su tafi a jere. Wanda ya bauɗe, koma ka gyara shi kafin ka tura.