Girgizar Injuna Masu Juyawa da Kalmomin Bayyana Ta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a unguwar Magajiya ta garin Suleja ya san yadda inji kan yi rawa har ƙasa ta amsa, musamman idan boris ya ci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana musabbabin wannan girgiza, tare da nuna cewa Hausa na da kalmomin da za su ɗauki wannan ilimi.

2.0 Musabbabin Girgiza

Tushen matsalar shi ne rashin daidaiton nauyi a jikin sandar ƙarfen da ke juyawa. Idan gefe ɗaya ya fi nauyi, yakan finciki sandar waje, kuma idan saurin juyi ya ninka biyu, ƙarfin fincikar kan ninka huɗu. Haka kuma akwai wani sauri da girgiza ke kai maƙura a cikinsa, wanda za mu kira "saurin haɗari". Rankine ya yi rubutu kan wannan a 1869, sannan Jeffcott ya nuna a 1919 cewa sanda na iya ƙetare wannan sauri ta sake natsuwa.

2.1 Girgiza Maras Bin Ƙima

A manyan injuna, kamar na tashar lantarki ta Shiroro da aka buɗe a 1990 mai ƙarfin megawat 600, sandar tana juyawa ne a kan siririn shimfiɗin mai. Wannan mai kan zagaya da kusan rabin saurin sandar, har ya riƙa tura ta gefe, ta shiga kewaya a cikin mazauninta. Newkirk da Taylor sun bayyana hakan a 1925. Su ma matosan da ke hana ruwa ko iska yoyo sukan haddasa irin wannan turi. A nan girgiza ba ta bin ƙimar abin da ya jawo ta: ƙarin sauri kaɗan na iya mayar da lafiyayyen inji abin tsoro nan take. Sakamakon haka shi ne cinyewar boris, ko yoyon mai, ko karyewar sanda.

3.0 Kalmomin Fannu

Makanikai sun riga sun Hausantar da "boris" da "bushin". Ga sauran ma'anoni, muna ba da shawarar a keɓe "girgiza" ga motsin kai-da-komo gaba ɗaya, "kewaya" ga zagayen sanda a mazauninta, "natsuwa" ga halin injin da kan koma daidai bayan an jijjiga shi, sannan "tangaɗi" ga kishiyar haka.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa mai injin niƙa da injiniyan Shiroro matsala iri ɗaya suke fuskanta, girma ne kawai ya bambanta. Ya rage ga masana harshe su zauna da masu sana'ar domin daidaita waɗannan kalmomi kafin aro ya rufe su.